Me ɗan kasuwa zai je yi a laburare?

Alhaji na Kwari: Assalamu alaikum. Jiya a wajen ɗaurin aure wani yaro ya tsare ni da maganar wai a gyara laburare domin a taimaki ƙananan 'yan kasuwa. Ban yarda ba, kuma har yanzu ban yarda ba. Da ɗaukar dila na fara a Kantin Kwari, na yi shekara 9 a ƙarƙashin ubangidana kafin ya sallame ni da jari. Sanin wanda za ka ba bashi da wanda za ka hana, da gane atamfar da za ta yi kwantai tun tana cikin leda, babu littafin da ya koya mini. Kuɗin da za a kashe kan laburare, a raba wa yaran nan jari.

Tsohon ma'aikacin laburare: Wa'alaikumus salam, Alhaji. A kan ciniki ba ni da ta cewa, ku ne malamansa. Amma akwai wani ɓangare na kasuwanci da ubangida bai koyar ba, saboda a zamaninsa babu shi, wato takarda. A 2024 aka ce duk mai sana'ar POS sai ya yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Yara nawa ne a kasuwa suka san ta inda za su fara? Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar kafa kamfani shi kaɗai, ba sai ya nemo na biyu ba. Har yau ina haɗuwa da masu neman sa sunan ƙaninsu don kawai a cika mutum biyu. Aikinmu na asali shi ne a zo da tambaya mu nemo amsa. Ajiye littafi hanya ce kawai.

Hajiya mai yaji: Baba, wallahi ka taɓo mini inda yake mini ƙaiƙayi. Ina daka yaji da kayan miya a gida, ina sa wa a roba. Wani babban kanti ya ce ba zai karɓa ba sai da lambar NAFDAC, ita kuma sai da rajistar sunan kasuwanci. Na ba wani ɗan tsakani kuɗi, wata huɗu yana ce mini gobe, jibi. Daga baya ɗan yayata ya buɗe shafin CAC a wayarsa, muka ga kuɗin rajistar sunan bai kai abin da na bayar ba ko kusa. Ni jari ina da shi daidai gwargwado, Alhaji. Abin da na rasa shi ne wanda zai zaunar da ni ya karanta mini, ba tare da idonsa yana kan jakata ba.

Alhaji na Kwari: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma wannan ai aikin hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i ne, wato SMEDAN, tun 2003 aka kafa ta don irin ku. Me ya haɗa shi da ɗakin karatu?

Tsohon ma'aikacin laburare: Ƙofa, Alhaji. Talaka yana shakkar ofis, sai ya ga kamar sai da sanayya. Laburare kuwa ba a tambayarka wa ya aiko ka. Ba cewa na yi ya maye gurbin hukuma ba. Jami'in SMEDAN ko na Bankin Masana'antu ya zo ya zauna a can rana ɗaya a wata, sauran kwanakin ma'aikaci ya riƙe fom da bayanin sharuɗɗa.

Mai kafe (shagon intanet): Ku gafarce ni, iyayena. Wannan aikin da kuke so a mayar kyauta, da shi nake ciyar da iyalina. Ni ma ƙaramin ɗan kasuwa ne. Duk watan Janairu idan Gidauniyar Tony Elumelu ta buɗe neman tallafin dala 5,000, shagona cika yake yi, ina taya matasa rubuta tsarin kasuwanci. Na biyu kuma, mu faɗi gaskiya. Laburaren garinmu ƙarfe huɗu yake tashi, lokacin da kasuwa take ci. Babu wuta, kwamfutocin an lulluɓe su da zane, kujerun kuma 'yan shirin JAMB sun cinye. A nan za a raya kasuwanci?

Ɗalibi a Ingila: Yaya mai kafe, bari in faɗi abin da na gani da idona. Babban laburaren Birtaniya da ke Landan ya buɗe sashen kasuwanci da kare haƙƙin ƙirƙira tun 2006, daga baya aka kai irinsa laburarorin garuruwa kamar Manchester da Leeds da Birmingham. Akwai rahotannin binciken kasuwa masu tsadar da mai ƙaramin jari ba zai iya saya ba. Laburare ya biya sau ɗaya, kowa ya shigo ya duba. Kafin ka buga suna a kwalinka, za a taya ka duba ko wani ya riga ka yi masa rajista. A Helsinki, babban birnin Finland, kuma, laburaren Oodi da aka buɗe a 2018 har kekunan ɗinki ne a ciki.

Alhaji na Kwari: Ɗana, Landan daban, Kano daban. Can ba a ɗauke wuta.

Tsohon ma'aikacin laburare: Gaskiya ne, amma abin ya girmi kwamfuta. A 1904 wani ma'aikacin laburare mai suna John Cotton Dana ya buɗe reshe na musamman don 'yan kasuwa a birnin Newark na Amurka. Abin da ya yi mai muhimmanci shi ne bai jira su a babban gini ba, ya kai reshen cikin unguwar da ake hada-hada. Kayan aikinsa kundin adireshin kamfanoni ne da taswira da jaridun kasuwanci. Mu dawo gida. Zoɓon da ake tarawa a kasuwar Dawanau ta Kano har Meziko ake kai shi, riɗi kuma yana fita ƙasashen Asiya. Mai buhu goma da yake so ya haɗa kai da 'yan'uwansa su fitar da kansu, ina zai ji sharuɗɗan feshi da tsafta da rajistar hukumar fitar da kaya? Bayanin yana nan a rubuce, da Turanci, a intanet. Wanda ya iya karanta shi ne yake kwashe ribar.

Hajiya mai yaji: Turancin nan shi ne rabin matsalar. In za a yi, a yi da Hausa. Kuma ku maza kun manta abu ɗaya. Maigidana ba zai so in je in zauna a kafe cikin samari ba, amma in na ce ɗakin karatu zan je, ranar mata, tare da maƙwabtana, ba zai hana ba. Masu ƙuli-ƙuli da turaren wuta da ɗinki na cikin gida yawa gare mu, kuma ba mu da ubangida a Kwari.

Mai kafe: Wannan na yarda, Anti, mata ba su cika zuwa wurina ba. Amma tambayata tana nan. Wa zai sa sola, wa zai biya intanet duk wata? In gwamnati za ta yi, ta ɗauki irinmu mu koyar a can ta biya mu, kada ta kashe mu.

Tsohon ma'aikacin laburare: Haka ya kamata, ɗana. Mai karanta wa mutum sharaɗi daban, mai buga masa takarda daban. Wanda ya fahimci abin da ake nema, shagonka zai zo ya buga, kuma ba zai ɓata maka lokaci ba. Sola kuwa, hukumar laburare ta jiha ce za ta sa a kasafi, kuma ba za ta sa ba sai ƙungiyoyin kasuwa sun nema.

Alhaji na Kwari: To ni dai, Malam, ba zan rufe shago in tafi Nasarawa laburaren Murtala Muhammad ba, kuma har gobe jari ne a gaba. Amma maganar Baturen nan da ya kai reshe cikin kasuwa ta shige ni. Ofishin ƙungiyarmu yana da tebur da wuta. In kana da ƙarfin zama ranar Laraba bayan azahar, zan yi wa shugabanni magana. Akwai yarona da zan sallama bayan Sallah, banki sun ce masa sai ya kawo takardar CAC, shi zan fara turo maka.

Hajiya mai yaji: Alhaji, a ware mana kujera biyu a gefe, ni da maƙwabciyata mai man gyaɗa.