Gani ya kori ji? Musu kan abin da muke rantsuwa mun tuna

Rabi: Jama'a ku raba mu. Jiya muka yi musu da yayata kan ranar da aka haifi autanmu. Ni na tuna ina riƙe da shi a asibiti, har shuɗin tawul ɗin da aka naɗe shi nake gani. Ita ta ce ko ƙofar asibitin ban taka ba, a gida aka bar ni. Mama ta goyi bayanta. To wannan hoton da ke kaina daga ina ya fito?

Malam Isa: Su ne suka manta, Rabi. Mantuwa kowa na yi, amma a ce mutum ya tuna abin da bai faru ba? Wannan ban yarda ba. Gani ya kori ji.

Malama Hauwa: Malam, da girmanka, a nan karin maganar ta gaza. A 1974 masu binciken halayyar ɗan Adam Elizabeth Loftus da John Palmer a Amurka sun nuna wa ɗalibai fim ɗin haɗarin mota, suka tambaye su gudun da motocin ke yi. Waɗanda aka ce wa motocin sun "ragargaji juna" suka ce wajen mil 40 a sa'a, waɗanda aka ce wa sun "taɓa juna" suka ce wajen mil 32. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka tambaya ko sun ga fasasshen gilashi. Cikin mutum 50 da suka ji kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Babu gilashi ko ɗaya da ya fashe a fim ɗin.

Malam Isa: Ɗalibai ne a aji, abin bai dame su ba. Abin da ya girgiza mutum daban ne, ƙanwata. Ba ya gogewa.

Malama Hauwa: An gwada wannan ma. Kashegarin fashewar kumbon Challenger a Janairun 1986, masanin halayyar ɗan Adam Ulric Neisser ya sa ɗaliban Jami'ar Emory ta Amurka suka rubuta inda suke da wanda ya gaya musu labarin. Bayan kusan shekara 3 aka sake tambayarsu. Wajen ɗaya bisa huɗu babu abin da suka faɗa daidai, kuma da yawa suna maganar ne da cikakken tabbaci. Da aka nuna musu rubutun hannunsu, wasu suka tsaya kan sabon labarin.

Bala: Kai! Kenan mutum ya ƙaryata hannunsa. Ai akwai masu cewa sun tuna Mandela ya rasu a kurkuku, alhali an sake shi a 1990, ya yi shugaban ƙasa, sai 2013 ya rasu.

Malam Isa: Bala, waɗannan ba su san tarihi ba ne kawai. Ga tambayata: in ƙwaƙwalwa haka take, ta yaya masu hadda ke riƙe littafi sukutum, harafi bai kuɓuce ba?

Malama Hauwa: Tambayar ta yi. Mai hadda yana da rubutu a gabansa, yana maimaitawa kullum, in ya zame akwai mai gyara masa nan take. Ranar asibitin Rabi ba ta da rubutu. Duk lokacin da ta tuno ta, sake haɗa ta take yi daga guntaye: abin da ta gani, abin da aka ba ta labari, hoton da ta taɓa kallo. Inda aka samu giɓi sai ƙwaƙwalwa ta cike da abin da ya yi kama da gaskiya, ba tare da ta sanar da ita ba. Ido ma haka yake. Ku zana gicciye a hagun takarda da ɗigo a dama, tazarar kamar faɗin tafin hannu. Ku rufe idon hagu, ku kafa na dama kan gicciyen, ku riƙa matso da takardar a hankali. Akwai inda ɗigon zai ɓace, amma ba rami za ku gani ba, farar takarda za ku gani. A wurin jijiyar ido ke fita, ba ya ɗaukar haske.

Bala: Wallahi na gwada, ya ɓace! Yarana sun ɗauka na zautu.

Malam Isa: Na ji. Amma in muka bi wannan, shaida ta rushe kenan. Kowa sai ya ce mai shaidar ƙwaƙwalwarsa ce ta ƙaga.

Malama Hauwa: Ba ta rushe ba, tana dai buƙatar abin dafawa. Ronald Cotton ya yi sama da shekara 10 a gidan yari a Amurka saboda matar da aka yi wa fyaɗe a 1984 ta nuna shi, ba ta da ko shakka. Gwajin ƙwayar halitta (DNA) ya wanke shi a 1995. Matar ba ƙarya ta yi ba, abin da ta yi imani da shi ta faɗa.

Rabi: Yanzu Yaya ta turo mini wani tsohon hoto. Ita ce riƙe da jaririn, cikin shuɗin tawul ɗin nan. Hoton ya daɗe a rataye a ɗakin Mama. Amma har yanzu in na rufe ido, nauyinsa nake ji a hannuna.

Malam Isa: Hoton ya nuna ita ta riƙe shi, bai nuna ke ba ki riƙe ba. Ki tambayi Baba tukuna kafin ki sallama.