Waɗanda ruwa ya taɓa rushe wa gida, yaya kuka yi kuka sake samun rufi?

Ɗan Auyo:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda abin ya taɓa faruwa da shi nake nema, ba wanda ya ji a bakin wani ba. Malkar makon jiya ta kwantar da ɗaki biyu a gidan Yayata, na ukun ya tsage tun daga sama har ƙasa, ba mai iya kwana a ciki. Mijinta ya rasu ko wata biyu ba a yi ba, tana cikin takaba, ga yara biyar. Liman ya ce larura ce, ta fita, yanzu suna zauren wani maƙwabci an kare musu da zana. Kowa sai ya ce min "je ka a rubuta sunanta." A wurin wa? In an rubuta kuma me ake samu? Don Allah a faɗa min gaskiyar abin da aka gani.

Malamin Firamare:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mamacin, ya mayar muku da alheri. Ni a ambaliyar 2022 makarantarmu, can wajen Kafin Hausa, ita ce ta zama masauki. Aji ɗaya iyali uku ko huɗu, an raba da zani da tabarma, benci ya koma gado, maza kuma suna kwana a baranda. Da hannuna na taya mai unguwa rubuta sunaye, don haka na san hanyar.

Daga mai unguwa ake farawa, shi ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, a miƙa wa ƙaramar hukuma. Daga nan ne hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA, take turo mutanenta su duba ɓarna, in abin ya yi yawa ta tarayya, NEMA, ta shigo. Abin da aka fi rabawa shi ne hatsi, tabarma, bargo, gidan sauro, bokiti. Wani lokaci a haɗa da kwano da ƙusa da siminti. Ban taɓa ganin an miƙa wa mutum makullin gida ba, ka cire wannan a ranka tun yanzu.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Kada ku kwashe ƙasar ɗakunan kafin masu dubawa su zo, ka ɗauki hoto da waya ta kowace kusurwa, har da tsagar nan ta ɗaki na uku. Mutane da yawa kunya ta sa sun share wuri tsaf, da aka zo sai aka ga fili kamar ba a taɓa gini a wurin ba. Na biyun ya fi ciwo. Ana yawan rubutawa ne da ƙofar gida, ba da tukunya ba. Gida mai magidanta huɗu, kowa da matarsa da murhunsa, sai a sa sunan babban wa shi kaɗai, rabon mutum ɗaya ya zo wa mutum talatin. Ka tsaya a rubuta ta ita kanta a matsayin mai riƙe da gida.

Uwar Marayu:
Malam ya taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ƙanena, ka ji wannan da kyau. Lokacin da namu ya faɗi, shekara ɗaya da rasuwar maigidan, ina jin nauyin shiga cikin maza, sai ƙaninsa ya ce in zauna zai je a madadina. Sunan marigayi ya bayar, da lambar wayarsa shi. Ranar rabo ban ma sani ba. Bayan sati biyu na ga sabon kwano yana ƙyalli a kan shagonsa. Ni buhun masara rabi aka aiko min, wai in yi haƙuri abin bai isa ba. Ban kai ƙara ba, baffan 'ya'yana ne, gobe shi zai ba da aurensu.

To Yayarka tana takaba, ba za ta iya zirga-zirga ba. Kai ka je da katinta na ɗan ƙasa, a rubuta sunanta yadda yake a jikin katin, a sa lambar wayar da take hannunta ko hannunka. Kuma ka yi a gaban liman ko wani dattijo, saboda gobe.

Ni dai a ƙarshe matan unguwa ne suka rufa min asiri. Sun ba ni ɗaukar farko a adashi, ba zuwana ba ne, da shi na sayi katako.

Mai Kwale-kwale:
Sau uku ana rubuta sunana a shekara uku daban-daban. Sau ɗaya na samu tabarma biyu da bokiti. Ka rubuta ɗin, ba a san inda rabo yake ba, amma ka fara neman kara da tamfol yau ɗin nan.

Magini:
Bari in sa baki ta wajen sana'ata. Ko an ba ku kwanon, ai kwano ba ya tsayuwa a iska. Bandir ɗaya falle 20 ne, zai rufe ɗaki madaidaici, amma bango da katako naku ne. Na ga gidaje da dama da kwanon agaji ya shekara a jingine, ƙarshe yunwa ta sa aka kai shi kasuwa.

Kada ku yi gaggawar ɗora bango yanzu. Tubalin da aka buga cikin damina ba ya shan rana, ginin da aka yi da shi baɗi war haka yana ƙasa. Ku kafa bukka ko rumfar kara da tamfol, ku lallaɓa zuwa kaka. Abin da za ku yi yanzu shi ne tono. Ku zaro azara daga cikin ƙasar kafin ta ruɓe ko gara ta shige ta, giginya ta yi wuya yanzu, azara ɗaya kuɗi ce. Ƙyaure da taga ma haka. Amma kamar yadda Malam ya ce, bayan an ɗauki hoto.

Mutane suna ɗauka ruwan sama ne yake kayar da ginin ƙasa. Yana yi, in an bar yaɓe ya zube ko indararo ya toshe. Amma a ƙasarmu ta kwari, ta ƙafa yake cin bango. Ruwa ya kwanta kwana biyu a gindi, ƙasa ta jiƙe ta koma kunu, nauyin sama ya danne, shi ke nan. Saboda haka in siminti ya samu, ko buhu uku ne, kada a ɓata shi wajen shafe fuskar ɗaki don ado. A zuba shi a tushe: layi uku ko huɗu na bulo, a ɗaga daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu, sannan a ci gaba da tubali. Sauran aiki kuwa gayya ce. In an gama girbi ka gaya wa sarkin samari, ku dama kunu, a yi tuwo, kwana biyu sun buga muku tubalin ɗaki biyu. Don marayu ne, ba wanda zai noƙe.

Ma'aikaci a Dutse:
Akwai wanda zai ce maka ka nemi bashin gina gida na gwamnati. Asusun gidaje na ƙasa tun 1992 yake, ana cire mana kashi 2.5 cikin ɗari na albashi, bankin lamunin gidaje na tarayya yake riƙe da shi. Mai albashi da takardar fili aka fi yi wa wannan tsarin, ba zai fitar da Yayarka daga zaure ba. Abin da ya fi kusa da ita zakka ce. Kaka na tafe, manoma za su fitar da ta hatsi, ita kuwa tana cikin kaso takwas ɗin da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ambata. Ka yi wa liman da kwamitin zakka na gundumarku magana tun kafin a fara rabo. Ni mahaifiyata da wannan aka ɗaga mata ɗaki a ƙauye, wani manomin shinkafa ya ba ta buhu biyu, muka sayar da ɗaya muka biya magini.

Dattijon Guri:
Yaro, tambayar da ba ka yi ba ita ce: a nan za ku sake ginawa? Ni na girmi dam ɗin Tiga, da wayona aka gama shi a 1974, na Challawa kuma a 1992. Kafin su, kogin Haɗeja yakan cika da damina ya janye da rani, mun san iyakarsa. Da dam ɗin suka sa ruwa ya koma gudu rani da damina, ciyawar kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, shi kuma ya riƙa neman hanya ta cikin gari. Sau biyu ina gini a kufan mahaifina, sau biyu yana tafiya. Na uku na haƙura na koma tudu.

Komawa tudu ma ba wasa ba ne. Gona ta yi nisa, rijiya ta yi zurfi, shekarar farko matana kullum da gori. Filin kuma aro aka ba ni da baki, da mai filin ya rasu 'ya'yansa suka ce ba su san zancen ba, sai da dagaci ya shiga tsakani na biya. In za ku tashi, a rubuta takarda da shaidu, dagaci ya sa hannu, in da hali a kai ƙaramar hukuma, don dokar filaye ta 1978 ita ta ba wa ikon ba da shaidar mallaka a karkara. Kuma ka tuna gidan da ya faɗi gado ne yanzu. Ita tumuni take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, saura na yara, in iyayen mamacin suna raye su ma da rabonsu. Kada wani ya ce tunda ya zama kango a sayar.

Ɗan Auyo:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da safen nan na je wurin mai unguwa tare da liman. Ashe har an riga an rubuta gidan, da sunan wan mijinta. Ba a yi rigima ba, liman ne ya yi magana, aka ƙara layi da sunanta da lambata. Na ɗauki hotuna, gobe za mu zaro azara, mun hango guda tara da ba su karye ba. Baba na Guri, maganar tudu na gaya mata, ta ce ba za ta yanke komai ba sai ta fita takaba. Wanda yake da tsohon tamfol a kusa da Auyo ko Haɗeja ya yi min magana, zan zo in ɗauka ranar Lahadi.