In sayi sabuwar ƙaramar mota yanzu ko in jira?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni ma'aikaciya ce, ina zaune a Samaru, Zariya. Tun 2022 nake tari a kofaretif ɗin wurin aikinmu don in sayi sabuwar mota dal a leda, ko da irin su Suzuki Alto ko Kia Picanto ce. Na gaji da tsohuwar Golf ɗina, ran Talata ma a Kwangila ta mutu min da yara a ciki, sai da 'yan acaɓa suka tura mu gefe. To duk sanda na ce kuɗin sun kai, sai dila ya ce an ƙara. Motar talaka ma ta fi ƙarfin talaka. In ciyo bashi in cika, ko in jira ta sauko?

Wani ɗan kasuwa, unguwar PZ: Wa alaikumus salam. Hajiya, dala ce. Kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Da dala ake sayo motar, kwastam ma da farashin dala suke lissafa haraji. Ko Peugeot da ake haɗawa a Kaduna da Innoson ta Nnewi, da yawa daga cikin kayansu daga waje ake shigo da su. Kuma kin san 'yan kasuwarmu, in abu ya hau da wuya ya sauko.

Bakanike, Sabon Gari: Anti, ni nawa ɗaya ne. Kafin ki biya, ki tambaya ina za ki samu safaya. Akwai wata mota 'yar Chaina sabuwa fil da ta yi sati uku a garejina saboda sensa guda ɗaya, na duba Panteka a Kaduna, na aika Kofar Ruwa a Kano, babu, sai daga Legas. Corolla kuwa ko cikin dare fitilarta ta fashe za a samo miki. Ki nemi 'yar Kwatano mai lafiya, ki je da bakanikenki ya shiga ƙarƙashinta, a tabbatar da takardun kwastam.

Wata uwa, Tudun Wada: Ƙanwata, kar ki ci bashi a kan mota, ga kuɗin makaranta na tafe.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Oga bakanike, Corolla ta wace shekara zan nema?