Neman kalmar Hausa: juriya ce ko turjiya?

1/
Jama'a, ku matso mu warware wata kalma. Akwai abin da likitoci ke kira insulin resistance, kuma na gaji da ganin ana fassara shi da "juriyar insulin". Juriya a wurinmu yabo ce. Ka je ka gaya wa tsohuwa tana da juriyar insulin, ai hamdala za ta yi, ta ce Allah ya ƙaro.

2/
Ga abin da ake nufi. In an ci tuwo suga ya shiga jini, wata 'yar gaɓa da ke kwance bayan tumbi sai ta saki insulin. Shi ke umartar tsoka da kitse su kwashe sugan, ya kuma tsawata wa hanta ta daina zubo nata. In tsoka ta fara nawar amsawa, gaɓar nan ba ta haƙura, ƙara insulin take yi. A haka mutum zai yi shekaru awon sugansa na fitowa lafiya lau, alhali insulin ya yi masa yawa a jini. Tun 1936 wani likitan Ingila, Harold Himsworth, ya lura cewa akwai masu ciwon suga da jikinsu ke amsa insulin da wuri, akwai waɗanda nasu ba ya amsawa sosai.

3/
Wani ya kawo "bijire wa insulin". Ba laifi, ta fi juriya nesa ba kusa ba. Amma wanda ya bijire ya juya baya ne gaba ɗaya, shi kuwa jikin nan bai kai can ba. Wata ta ce "kunnen ƙashi". Na yi dariya, ta yi daɗi a baki, sai dai ba na jin za ta zauna a takardar asibiti.

4/
Ni "turjiya" na tsayar. Ku tuna ragon layya ranar da aka sayo shi. Ya kafe ƙafafun gaba, yaro na ja, igiya ta shaƙe masa wuya har idanu sun firfito. Zai isa gida kuwa, amma da jan da ya ninka na ƙa'ida. Ragon shi ne tsoka, jan igiyar shi ne ƙarin insulin. Kalmar ta ɗauko duka biyun: ƙin tafiya da kuma ƙarin ƙarfin da ake sawa.

5/
Kuma a wurin jan igiyar nan hawan jini ke shigowa. Ba dukan jiki ne ke turjewa ba. Ƙoda tana ci gaba da jin maganar insulin, abin da yake ce mata kuwa shi ne ta riƙe gishiri kada ya fita a fitsari. Inda gishiri ya tsaya, ruwa na tsayawa, jini ya ƙaru a cikin jijiyoyi. Yawan insulin yana kuma zaburar da jijiyoyin nan da ke sa zuciya bugawa da sauri in an tsorata. Sannan ga na uku: a lafiyayyen jiki insulin na sa hanyoyin jini su saki, su buɗe, to wannan aikin yana raunana in turjiya ta zo. Ruwa ya ƙaru, bututu ya ƙi buɗewa.

A 1988 Gerald Reaven na Jami'ar Stanford a Amurka ya haɗa turjiyar da hawan jini da lalacewar ma'aunin kitsen jini, ya ce tafiyarsu ɗaya. Ba kowane mai hawan jini ke da ita ba, kada wani ya ɗauke ni haka. Gado na nan, shekaru na nan, ciwon ƙoda na nan.

6/
Na gwada kalmar a gida. Gwaggona tana shan maganin hawan jini, ga teɓa, ga wani baƙi-baƙi mai kauri a bayan wuyanta da ta sha dirzawa da soso tana zaton dauɗa ce. Likita ya ce alamar yawan insulin ce. Na ce, "Gwaggo, jikinki ne ke turje wa insulin, ana ta jan sa da ƙarfi, shi ya taimaka wa jinin ya hau." Na ƙara mata da cewa tsokar da ke aiki tana jan suga ko ba a matsa mata da insulin ba, don haka tattaki bayan cin abinci da rage ƙiba na sassauta igiyar, amma fa ba a ajiye magani. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Wato in rago ya ga dusa, da ƙafarsa zai taho."

7/
Saboda haka a rubuce: turjiyar jiki ga insulin. A baki: jikinsa na turje wa insulin. Mai wadda ta fi wannan ya ajiye ta a ƙasa, amma ya zo da jimlar da za a iya faɗa wa Gwaggo.