A Gode wa 'Yan Kwana-kwana, ko Aikinsu ne Kawai?

Ɗan Kwari: Wai 4 ga Mayu ranar 'yan kwana-kwana ce ta duniya, a karrama su. A kan me? Albashi ake biyansu. Ku tuna gobarar kasuwar Sabon Garin Kano ta Maris 2016, dubban shaguna suka zama toka. Sai wuta ta ci ta ƙoshi ake jin jiniya, an jima a ce ruwa ya ƙare.

Maman Ummi: Haba Alhaji! Likita ma albashi yake ci, in ya ceto ɗanka ba ka yi masa godiya?

Tsohon Direba: Alhaji, maganar ruwan nan fa. Tankin motar kwana-kwana lita dubu kaɗan yake ɗauka, in aka buɗe mesa sosai cikin mintuna ya ƙare. Garuruwan da aka tsara suna da famfon gefen titi da ake jona mesa. Mu kuwa sai mota ta koma ɗebo wani. Ga rumfuna sun cinye hanya, ga 'yan kallo sun toshe lungu kowa da waya a hannu. Ina laifin mai riƙe da mesa?

Ɗan Kwari: To a gyara aikin tukuna, godiya ta biyo baya.

Maman Ummi: Gyara na gwamnati ne, godiya kuwa ba ta jiran kasafin kuɗi. A unguwarmu yaro ya faɗa rijiya. Ɗan kwana-kwana aka ɗaura wa igiya a ƙugu aka zura shi cikin duhu, inda numfashi ke sarƙewa. Ya fito da yaron da ransa, shi kuma sai da aka yi ta yi masa fifita kafin ya iya magana. Wallahi ko sunansa ba wanda ya tambaya.

Ɗan Agaji: Kuma ba kowa ke da albashin ba, Alhaji. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, bayan sojoji akwai 'yan sa-kai da masu kwale-kwale da suka yi ta kwaso mutane a Maiduguri. Abin da ke ƙona min rai shi ne jifan motar kwana-kwana. Ka fasa gilashinta yau, gobe wa zai zo gidanka?

Ɗan Kwari: Jifa kam Allah wadai. Amma ina nan a kan bakana, lambar yabo ba ta kashe wuta.

Tsohon Direba: Shi ke nan, ku 'yan kasuwa ku haɗa kuɗi ku haƙa burtsatse da babban tanki a bakin ƙofa. A taronku na gaba wa zai fara kawo maganar?

Ɗan Kwari: Ni, in Allah ya kai mu. Amma sai an rushe rumfunan kan hanya.