Maganin bugun zuciya yana sa Baba tashin zuciya

Ummu Khalil: Salam 'yan uwa dan Allah a taimaka. Babanmu likita ya ɗora shi kan amiodarone saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai, yau kwana 5 kullum tashin zuciya ko kunu ba ya iya sha wlh, yanzu cewa yake zai daina. Haka maganin yake?

Nas Hauwa: Eh yana yi, musamman farko da ake ba da shi da yawa, 200mg sau 3 a rana satin farko, sannan a rage zuwa sau 2, daga baya sau 1. Ya riƙa sha da abinci. Amma kar ya daina da kansa, ku koma wajen likitan.

Abu Sadiq: Yaya, Baban yana shan digoxin (wani maganin zuciya) ma? Amiodarone yana ƙara yawansa a jini, in akwai amai ko yana ganin abubuwa rawaya-rawaya to asibiti yau ɗin nan, a auna jini.

Ummu Khalil: Innalillahi yana sha kam, bari in kira ƙanina ya kawo mota.