Murhun gashi na farko: na kanti mai murfi ko na mai walda?

Maman Biyu, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mun gyara ɗan filin bayan gida, an shuka ciyawa da lemo, yanzu maigida yana so mu riƙa gasa nama a can ranakun hutu, ga kuma Babbar Sallah na ƙaratowa. Mu bakwai ne a gidan, in 'yan uwa suka zo sai mu ninka haka. Na ga wani mai murfi kamar ƙwarya a kanti, na kuma ga na rabin duro a bakin titi. Ban taɓa mallakar ko ɗaya ba, kurfoti kawai na sani. Wanne za mu ɗauka, don Allah?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin a ce miki wanne, me za ku fi gasawa? Tsire ne, ko kaza guda da cinyar rago? Amsar tana nan.

Maman Biyu, Kaduna: Yara tsire suke so da masara. Maigida kuma kaza da kifi.

Kawun Yara, Kano: To 'yata, ki saurare ni. Na daɗe ina gashi a gida, kuma shawarata ki je wurin mai walda. Tunda a Kaduna kike, Panteka ta ishe ki; mu a nan Kano Ƙofar Ruwa muke zuwa. Kada ki sayi wanda aka riga aka ƙera aka shafa wa baƙin fenti yana sheƙi, fentin yana ɓoye sirantar ƙarfen. Ki ba da aiki da kanki. Ki ce kwanon da za a naɗe ya kai kaurin milimita 2, in ya kai 3 ya fi. Siririn kwano wuta biyu uku zai fara lanƙwasa, damina ɗaya gindinsa ya huje. Tsawo santimita 80, faɗi 40 ya ishi gida irin naku. Ƙafa huɗu, da rodi a haɗe su ta ƙasa, tsayinsa daidai ƙugun mai gashi don kada baya ya ƙage.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne ragar. A yi mata matakai a gefe, ko biyu ko uku, yadda za ki ɗaga ta ki sauke. Wuta ba ta tsayawa wuri ɗaya: da farko tana da zafi, bayan rabin awa ta lafa. Idan ragar a like take, ke ce za ki yi ta bin wutar da mafici. Kuma a saka wata ragar ta rodi a ƙasa wadda gawayin zai zauna a kai, da huda a gefe, iska ta shiga ta ƙarƙashi, toka ta zube ƙasa.

Anti Mai Lalle: Kawu ya faɗi gaskiya kan raga. Ni dai gargaɗina ɗaya: kada a yarda a sa miki wayar kejin kaji mai farin sheƙin nan, ko ragar tsohon firji. An lulluɓe su da sinadari, wuta tana cinye shi, nama kuma yana kai. Ki biya kuɗin ƙarfen da ba ya tsatsa, ko rodi zalla ki riƙa shafa masa man gyaɗa bayan gashi.

Baban Ummi: Kawu, ranka ya daɗe, a tsire na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Amma ta ce kaza, kuma a nan buɗaɗɗen murhu yake ba sabon hannu wahala. Fata ta ƙone ta yi baƙi, a yanka cinya a tarar da jini a jikin ƙashi. Murfi shi ne maganin wannan. Ka tara garwashi a gefe guda, ka ajiye kazar a ɗaya gefen inda babu wuta a ƙarƙashinta, ka rufe, ƙofar iskar murfin tana saitin naman. Zafin yana zagayawa ciki har ta gasu zuwa ƙashi, kitsen da ke ɗiga ba ya faɗa wa wuta balle ta tashi. Kaza matsakaiciya awa ɗaya da 'yan mintuna, ba sai an tsaya a kanta ba. A ƙarshe ka matsar da ita kan garwashin fatar ta yi ja.

Wanda Hajiya ta gani a kanti kwaikwayon murhun kamfanin Weber ne, ko shi kansa. Wani ma'aikacin kamfanin ƙarfe a Amurka, George Stephen, shi ya fara yin sa a 1952. Na asalin an shafe shi da ruwan samira, shi ya sa yake daɗewa bai yi tsatsa ba. Akwai mai faɗin santimita 47, akwai 57. Gida mai mutum bakwai 57 ɗin zai ɗauka, a ƙaramin wuri yana matsewa in an raba wuta gida biyu. Illa dai yana da tsada sosai, kuma kwaikwayon ya cika kasuwa. Ki ɗaga murfin ki ji nauyinsa, ki rufe ki ga ko ya zauna daram, ki girgiza ƙafafun. In yana rawa a kanti, ki bar musu kayansu.

Kawun Yara, Kano: Ban musa ba, ɗana. Sai dai zagayayyen nan bai dace da tsinke ba. Tsinken tsire yana so kansa ya fito waje ka kama ka juya, a wancan kuwa duka yana ciki, wuta ta cinye shi. Ka dubi mai tsire na asali a tukubarsa: wuta a tsakiya, tsinkaye a kafe kewaye da ita, ɗumin ne yake gasa naman, harshen wuta bai taɓa shi ba. Yajin da ƙuli-ƙulin ba sa son wuta kai tsaye, ɗaci suke yi.

Ɗan Yamai: Ina ganin ba sai an zaɓi ɓangare ba. Mu a nan maƙeran kasuwar Katako suna yin na rabin duro da murfinsa a jiki, da 'yar bututun hayaƙi. Hajiya ta ce wa mai waldarta ya yi wanda Kawu ya kwatanta, ya ƙara murfi mai ƙofar iska da ake buɗewa a rufe, hannun kuma na katako. Ranar tsire a buɗe, ranar kaza a rufe. In da duro za a yi, a tambayi abin da ya taɓa zama a ciki. Na maganin ƙwari ko na sinadarin da ba a sani ba, a guje shi gaba ɗaya. Kowane iri ne kuma a fara cinna masa wuta mai ƙarfi babu nama, fenti da maiƙon ciki su ƙone tukuna.

Baban Ummi: Wannan ta yi. In dai murfin zai zauna da kyau, na janye.

Maman Biyu, Kaduna: Allah ya saka da alheri, kaina ya fara wayewa. To gawayin fa? Wanda nake saya na girki yana ta tartsatsi.

Anti Mai Lalle: Ki nemi na ƙirya ko na marke. Ba banza maƙera suke neman gawayin ƙirya ba, yana da nauyi, yana riƙe wuta. Ki ɗauki guda biyu ki buga, mai kyau ƙara yake yi ƙal-ƙal, kuma in kin karya cikinsa baƙi ne har tsakiya. Wanda cikinsa ya yi ruwan ƙasa bai gama ƙonewa ba, hayaƙi zai dame ki. Ki sa a zazzage miki buhun ki gani, don wasu manya suke jerawa a sama, ƙasa duk gari. Ki saya tun kafin damina ta kankama, ki ɗora a kan katako inda ba danshi.

Malamar Asibiti: Bari in sa baki a kan kunna wuta, don muna ganin abin da ke biyo baya. Fetur kada ya kusanci murhun nan ko kaɗan, musamman a zuba shi kan wutar da ake ganin ta mutu. Kananzir ma warinsa yana kama nama. Leda da roba da wasu ke kunnawa da su guba ce. Ki sami babban gwangwanin madara, a cire gindinsa, a huda gefen ƙasa, a gitta waya a ciki. Takarda a ƙasa, gawayi a sama, ashana ɗaya. Cikin minti 15 zuwa 20 ya kama, sai ki juye. Kada ki ɗora nama sai farar toka ta lulluɓe garwashin.

Na biyu, kuma wannan ina roƙon kowa a zauren nan: komai sanyin hunturu, komai ruwan sama, kada a shigar da garwashi ɗaki ko gareji a rufe ƙofa. Yana fitar da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, mutum barci kawai zai ji yana ɗaukarsa. Kaza kuwa sai cikinta ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. In babu ma'auni, ki soki cinya wajen ƙashi, ruwan da zai fito ya zama fari tas.

Kawun Yara, Kano: Madalla da Malama. Ƙari kan wurin ajiyewa: kada ki kafa shi kan ciyawar, zafi zai ƙona ta, kuma nesa da lemon nan naki da duk wata rumfar zana. Ki shimfiɗa 'yan bulo ko yashi a kusurwa guda, inda iska ba za ta kai hayaƙi tagar maƙwabta ba. Biyun nan naki, in suna gudu, a ja musu layi a ƙasa. Washegari ki kwashe tokar bayan ta huce sarai. Toka in ta sha ruwa ita ke cin ƙarfe, yawancin murhun da kika ga ya huje ita ta huda shi.

Maman Biyu, Kaduna: Na gode Kawu, na gode kowa. Maigida ya karanta, ya ce Asabar za mu shiga Panteka da awon a rubuce, har da murfin. Anti, ragar guda nawa zan ce a yi?

Anti Mai Lalle: Biyu. Ɗaya mai faɗin ido ta nama, ɗaya mai ƙananan ido mai ninkewa da hannu ta kifi, ki juya shi ba tare da ya farfashe ba. Ki ce ya haɗa miki da dogon awartaki, kuma ki ba da aikin yanzu, don mako biyu kafin Sallah masu walda ba sa ɗaga kai.